Wa Zai Riƙe Mabuɗin Cibiyar Yara?

 

Abin da aka ba mu mu yi magana a kai shi ne cibiyar yara da matasa, watau wurin da yaran unguwa za su riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta, su yi bitar karatu, su yi wasa, su koyi sana'a, a kuma sa musu ido har iyayensu su dawo daga gona, ko kasuwa, ko wurin aiki. Ba mu tsammanin akwai wanda zai yi gardama a kan amfanin irin wannan wuri. Tambayar da take gabanmu ita ce: ikilisiya mai mutum 60 ko 80, wadda baikonta na Lahadi da ƙyar yake biyan mai bishara, ta yaya za ta tsai da cibiya, ta kuma riƙe ta har ta wuce shekara biyu? Amsar da muka zo da ita ita ce, ba za ta iya ita kaɗai ba. Ko da ma a ce wani ya ba ta kuɗin da za ta iya, bai kamata ta yi ita kaɗai ba.

Bari mu fara da duban agogo. Makarantar firamare tana tashi wajen ƙarfe 1 ko 2 na rana. Uba ba ya dawowa sai magariba, uwa kuwa tana bakin kasuwa ko tana gaban kaskon suya. Sa'a huɗu ko biyar ke nan kowace rana da yaro ba ya hannun kowa. Da yawa daga 'ya'yan makwabtanmu Musulmi suna da Islamiyya da yamma, wannan yana rage musu lokacin yawo. Namu yaran, in ka cire ranar koyon waƙa da ranar faretin 'yan Birged, ba inda ake jiransu. Ga kuma waɗanda ba sa zuwa makarantar ma gaba ɗaya. Asusun UNICEF ya daɗe yana ba da adadin yara miliyan 10.5, 'yan shekara 5 zuwa 14, da ba sa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a nan Arewa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya cikin shekara guda kafin binciken. A shekarar 2018 ɗin ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mai sayar da tiramol a bayan tasha kuwa ba ya tambayar yaro ko sunansa Bitrus ko Bashir. Cutar ta unguwa ce baki ɗaya, saboda haka maganin da zai tsaya a ƙofar majami'a bai kai inda ciwon yake ba.

Muna so mu kai ku ƙasar Kenya, domin akwai wani aiki a can da ya isa a zauna a yi nazarinsa, da nasararsa da tuntuɓensa. A birnin Nairobi akwai unguwar talakawa da ake kira Mathare, gidajen laka da langa-langa ne cunkushe a cikin kwari, shara ta toshe magudanai, in damina ta zo ruwan ƙazanta ya shiga ɗakuna. A 1987 wani mutumin Kanada mai suna Bob Munro, wanda yake aikin ba Majalisar Ɗinkin Duniya shawara a kan muhalli, ya ga yara suna buga ƙwallon da suka haɗa da leda da igiya. Shi da wasu samarin unguwar suka kafa ƙungiyar wasanni ta matasan Mathare, wadda aka fi sani da MYSA. Tun daga ranar farko aka kafa ta bisa sharaɗi ɗaya: in yaro ya yi wani abu, ƙungiya za ta yi masa wani abu, in bai yi kome ba, ƙungiya ma ba za ta yi kome ba.

Ku dubi yadda suka mai da wannan sharaɗi aiki. A gasarsu, ƙungiyar da ta ci wasa tana samun maki 3. Ƙungiyar da ta fita da shebur da manjagara da baro ta kwashe shara, ta buɗe magudanar ruwa, tana samun maki 6. Ma'ana, ba yadda za a yi ka ɗauki kofi da ƙafa kaɗai, sai ka yi wa unguwa aiki. Wannan dabara ta yi abu biyu a lokaci guda. Ta koya wa yara cewa ba sadaka ake ba su ba. Ta kuma sa tsohuwar da ba ruwanta da ƙwallo ta ga amfanin ƙungiyar a ƙofar ɗakinta. Ranar da wani zai tashi ya ce a hana yaran nan filin wasa, wannan tsohuwa ce za ta fara tsaya musu.

Masu koyar da wasa, da alƙalan wasa, da 'yan kwamitin shiyya, kusan dukansu matasan unguwar ne, da yawa ba su kai shekara 20 ba. Wanda ya yi hidima yana tara maki, waɗanda suka fi maki kuma a biya musu kuɗin makaranta, ba a hannunsu ba, kai tsaye ga makarantar. A 1992 aka shigo da 'yan mata cikin gasa, duk da iyaye da yawa ba su so ba da fari. A shekarar ce kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo saboda aikin tsabta. A 1994 suka fara horar da matasa su faɗakar da 'yan'uwansu a kan cutar ƙanjamau kafin a fara wasa. Daga baya suka buɗe ɗakunan karatu, domin yaron da yake kwana da mutum shida a ɗaki ɗaya ba shi da inda zai aza littafi. Ƙungiyoyin wasansu suka haura dubu, a shiyyoyi 16. Babbar ƙungiyar da ta fito daga cikinsu, Mathare United, ta ɗauki kofin gasar ƙasar Kenya a 2008. Abokan hulɗa daga waje sun zo, amma sun zo ne suka tarar da abu yana tafiya: mutanen Norwe suka riƙa gayyatar yaran gasar matasa ta ƙasarsu tun daga 1990, hukumar ƙwallon ƙafa ta Holan kuma ta taimaka da horar da masu koyarwa.

To, ga tuntuɓen. A 2012 wata gidauniyar Norwe mai suna Strømme, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu ba su kuɗi, ta janye hannunta bayan zarge-zarge, ciki har da zargin rage shekarun 'yan wasa da zargin cin zarafin 'yan mata. Mu ba alƙalan wannan magana ba ne. Abin da ya shafe mu shi ne, ƙungiyar da ta yi shekara 25 tana aiki, duniya tana yaba mata, ta girgiza a wurare biyu: wurin da ta jingina da aljihun baƙo ɗaya, da wurin da aka sa alamar tambaya a kan amincin yara a hannun manya. Ba ta rushe ba, gama saiwarta tana cikin unguwa, kuma Munro ya ci gaba da aiki da su har rasuwarsa a Janairun 2025. Amma ku riƙe waɗannan wurare biyu, za mu komo kansu.

Wani zai ce Nairobi nesa ce, kuma ba su da irin zamanmu na addini biyu a layi ɗaya. To, mu dawo gida. A Maiduguri, a 2007, wani lauya Musulmi, Barista Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar marayu da ake kira Future Prowess da yara 36. Bayan shekara biyu rikicin Boko Haram ya ɓarke, marayu suka cika gari. Sai ya yi abin da mutane da yawa suka ga kamar ganganci ne: ya karɓi 'ya'yan sojoji da 'yan sandan da aka kashe, ya karɓi 'ya'yan farar hula, ya kuma karɓi 'ya'yan mayaƙan da suka mutu, ya zaunar da su a benci ɗaya. Bai tsaya a kan yaran ba, ya tara iyayensu mata gwauraye cikin ƙungiya, aka taimake su da sana'a, har ƙungiyar agaji ta Red Cross ta sa hannu, aka kuma ba su murya a harkar makarantar. A shekarun da makarantun jihar Borno suke rufe saboda hare-hare, wannan makaranta tana buɗe. A 2017, lokacin da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen, ɗalibai sun kai 540. Amincewar da ya samu daga kowane ɓangare tana cikin abin da ya sa ya iya shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016, da wasu 82 a Mayun 2017. Yawancin 'yan matan nan 'ya'yan ikilisiya ne, kun sani.

Me ya tsare wannan makaranta? A ganinmu, ba katanga ba ce. Kowane ɓangare yana da ɗa a ciki, duk wanda ya taɓa ta ya taɓa nasa. Wannan darasi ya fi shafar mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu fiye da kowa. Cibiyar da take ta ikilisiya kaɗai, ranar da ƙura ta tashi a gari, gini ne kawai na waɗancan mutanen. Cibiyar da jikan mai unguwa yake koyon lissafi a ciki, ɗiyar liman kuma take koyon ɗinki, tana da masu gadi da ba a biya.

Mun san abin da yake zuciyar waɗansu dattawa a nan. Suna cewa, in mun shigo da kowa, aikin zai fita daga hannunmu. Ku tuna da Nehemiya. A sura ta 3 ta littafinsa an jera waɗanda suka gyara garun Urushalima, kowa da yankinsa, da yawa daura da gidajensu: firistoci, maƙeran zinariya, masu yin turare, 'yan kasuwa, har da wani hakimi da 'ya'yansa mata. An ma rubuta manyan Tekowa da suka ƙi sa wuya. Katakon ƙofofi kuwa daga kurmin sarkin Farisa ya fito, da takardar izininsa, shi kuwa ba Bayahude ba ne. Nehemiya bai rasa aikin ba don ya raba shi, sai ma aka gama cikin kwana 52. Abin da ya sa hannun da yawa bai zama rikici ba shi ne kowa ya san daga ina yankinsa ya fara, a ina ya ƙare.

Yanzu bari mu sauko kan yadda za a yi. Abin da ƙaramar ikilisiya take da shi ya fi yadda take tsammani. Tana da ɗaki da benci waɗanda suke zaune banza daga Litinin zuwa Asabar. Tana da malaman makaranta, masu aiki da masu ritaya. Tana da Zumuntar Mata, wadda ta fi kowace ƙungiya a ƙauye sanin tara kuɗi da riƙon littafi. Tana da matasan da suka gama sakandare suna jiran jarrabawa ko gurbin karatu. Abin da ba ta da shi shi ne fili, da kayan sana'a, da magani, da kuma amincewar dukan unguwa. Waɗannan suna hannun waɗansu.

Ƙofar farko ta mai unguwa ce ko dagaci, kuma a je masa tun ba a sayi alli ko ɗaya ba. Akwai bambanci tsakanin zuwa neman shawara da zuwa sanarwa, basarake kuwa yana gane bambancin tun daga gaisuwa. A roƙe shi ya kira liman da shugaban Islamiyya a zauna tare. A wannan zaman za a daidaita lokaci, domin kada cibiya ta ci karo da la'asar ko da karatun Islamiyya. In yaran Musulmi za su iya zuwa daga ƙarfe 2 zuwa 3 da rabi ne kaɗai, ko ranakun Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo, sai a tsara haka. Daga nan sai hedimasta da kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. Makarantar gwamnati tana da fili, tana da azuzuwan da suke kulle da yamma. A wurare da yawa ya fi kyau cibiyar ta zauna a can maimakon harabar majami'a, domin uwar da ba za ta bar ɗanta ya shiga majami'a ba, ba ta da wata damuwa in firamare ce. Kada mu ɗauki wannan a matsayin raini. Mu ma in aka ce darasin yamma a cikin masallaci za a yi, akwai iyaye a cikinmu da za su yi jinkiri.

Sai masu sana'a, nan ne kuma muke so mu ɗan daɗe, gama an cika mantawa da su. Kowane gari yana da ƙungiyar teloli, da ta kafintoci, da ta makanikai, da masu walda, da masu gyaran waya. Kada a je musu da kokon bara. Tela ba shi da dubu hamsin da zai bayar, amma yana da keke ɗaya da yake hutawa da yamma, yana kuma bukatar yaro mai hankali da zai riƙe masa awo. A roƙe shi yara biyu, rana biyu a mako, wata shida. A rubuta sunayen yaran, a rubuta ranar farawa da ta gamawa, wani daga kwamiti ya riƙa leƙawa, domin kada koyon sana'a ya koma aiken sayo abinci da wankin babur. In wata shidan ya cika, a kira telan gaban jama'a a gode masa da sunansa, mai unguwa ya miƙa masa takarda. Za ku yi mamakin yadda wannan takarda za ta jawo tela na biyu da na uku. Haka ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi: sa'a ɗaya a wata ta isa ta duba yara, ta ba da maganin tsutsar ciki, ta zauna da 'yan mata su kaɗai ta faɗa musu abin da iyayensu suke jin nauyin faɗa.

Ga magana mai wuya, ba kuwa za mu kauce mata ba. Za a yi wa'azi a cibiyar? Shawararmu ita ce a'a. Makarantar Lahadi tana nan, ƙofarta a buɗe take, kowa ya san abin da ake koyarwa a ciki. Cibiyar unguwa kuwa alkawari ne da muka yi wa iyaye cewa karatu da wasa da sana'a za a yi. In muka ce lissafi a bakin ƙofa, muka yi wani abu dabam a ciki, mun yi ƙarya, ƙarya kuwa ba ta zama shaida. Ranar da uba ɗaya ya ji cewa an yi amfani da biskit da ƙwallo an ja ɗansa, aikin shekara biyar ya mutu a yini ɗaya, kuma ba cibiyar kaɗai zai shafa ba. Haka mu ma za mu nemi alkawari iri ɗaya daga abokan aikinmu a kan namu yaran. A rubuta shi a takarda, kowa ya sa hannu.

Maganar takarda ta kawo mu ga abin da ya faru a Kano. A Disamban 2019 jami'an tsaro suka shiga gidan marayu na Du Merci a Kano da reshensa na Kaduna, aka kwashe yara 27, aka kama mai gidan, Farfesa Solomon Tarfa. A Yunin 2021 babbar kotun jiha ta wanke shi daga zargin satar yara. A 2022 aka same shi da laifi a kan takardar rajista, a 2023 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi daga wannan ma. Mutumin ya fita da gaskiyarsa a gaban shari'a, amma shekaru sun tafi, yara kuma sun yi shekaru a gidan marayu na gwamnati. Duk wanda zai tara yara a inda muke zaune, dole ya san cewa takardarsa za a fara tambaya. Saboda haka cibiya ta zama ta yini kaɗai, kowane yaro ya kwana a gidan iyayensa. Kowane yaro ya zo da izinin uba ko uwa ko mai riƙonsa, da sa hannu ko dangwale. A sanar da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma a rubuce, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. In aiki ya girma, a yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a kuma sa Musulmi da Kirista cikin amintattun. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 da dokokin jihohi da suka biyo bayanta, kamar wadda Kano ta sa wa hannu a 2023, ya kamata sakataren kowace cibiya ya nemi ta jiharsa ya karanta.

Mu koma ga wurare biyun nan da muka ce ku riƙe. Na farko amincin yara. Ba mu son jin ana cewa, ai ɗan'uwa ne, mun san shi. Yawancin masu ɓata yara sanannu ne, shi ya sa ake ba su yaran. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko fasto ne, ko malam ne, ko ɗan mai unguwa ne. Kullum a sami manya biyu, ƙofa a buɗe. 'Yan mata su sami mace mai kula da su. A naɗa uwa ɗaya daga Zumunta da uwa ɗaya daga matan Musulmi, waɗanda kowane yaro ya san zai iya kai musu kuka. In kuwa abu ya faru, ba a kashe shi a ɗakin dattawa don gudun kunya. A kai shi inda doka ta ce. Wannan ƙa'ida tana tsare malamin kirki daga ƙazafi kamar yadda take tsare yaro.

Na biyu kuɗi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ake kashewa kowane wata, kamar alli, da ruwan sha, da ɗan alawus na mai kula da wuri, dole ya fito daga cikin unguwa. Kuɗin baƙo, in ya zo, a sayi abin da ake saya sau ɗaya: allo, littattafai, keken ɗinki, fitilar sola. Ta haka ranar da baƙo ya tafi, zai bar kaya, ba zai bar bashi ba. Iyaye ma su ba da wani abu, kome ƙanƙantarsa. A Ingila, inda gwamnati take da kuɗi, cibiyoyin matasa na ƙungiyar OnSide, waɗanda aka kwaikwaya daga tsohon kulob ɗin yara na garin Bolton da aka kafa a 1889, an gina su ne bisa tsarin yaro ya biya fam 5 a shekara da rabin fam duk ranar da ya shiga, sauran kuma ƙaramar hukuma da 'yan kasuwar garin su ɗauka. Rabin fam ba ya biyan ko kuɗin wuta, amma yana mai da yaro mai wuri. A wurinmu yana iya zama naira 100 a mako, ko mudun masara da kaka. Wanda ba shi da ko wannan, ya yi shara ko ya ɗebo ruwa, kamar yaran Mathare, kada a kore shi. Ma'aji ya zama dabam da shugaba, in shugaba daga ikilisiya yake, ma'aji ya fito daga ɗaya ɓangaren. Abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta a allo a bakin ƙofa duk ƙarshen wata, inda mai tallan gyaɗa ma za ta iya karantawa.

Kalma ɗaya a kan 'yan siyasa. Za su zo, musamman in zaɓe ya matso. A karɓi ƙwallo da riguna in babu hoto a jiki. Kada a sa wa cibiya sunan kowa, domin wanda ya gaje shi a kujera zai ɗauke ta abokiyar gaba.

Wa zai riƙe mabuɗin ke nan? A yi kwafi biyu. Ɗaya a hannun wanda ikilisiya ta naɗa, ɗaya a hannun wanda mai unguwa ya naɗa. A kwamiti kuma a bar kujera biyu ga matasan da suke amfani da wurin, namiji da mace, su zauna da cikakkiyar ƙuri'a, ba don su riƙa jera kujeru ba. Iyayenmu dattawa, mun san wannan zai yi muku nauyi, amma yaron da ya koyi riƙe littafin cibiya yana ɗan shekara 17, shi ne sakataren ikilisiyarku bayan shekara goma.

Ga abin da muke roƙon kowace ikilisiya ta yi kafin mu sake haɗuwa, ba kuwa ya bukatar ko kwabo. A zaɓi rana uku a mako guda, mutum biyu su zaga unguwa da ƙarfe 4 na yamma, su ƙirga yaran da suka gani a titi, su rubuta inda suke taruwa da abin da suke yi. Fasto da dattijo ɗaya da shugabar Zumunta su kai wannan lissafi wurin mai unguwa, su tambaye shi abin da shi yake gani, su kuma saurara har ya gama. A rubuta sunayen masu sana'a biyar da za a iya tuntuɓa, da ɗakin da ake ganin zai dace, ko na makaranta ne ko na majami'a. Sakatarorin gunduma su tattara waɗannan takardu su zo da su, domin a kansu ne za mu zaɓi wurare biyu ko uku da za a fara gwadawa. Ikilisiyar da mai unguwarta ya ce a dakata, ta dakata, ta rubuto mana dalilin da ya bayar.